Yadda kwamfuta take gwada kalma da kalma

Yantala unguwa ce ta birnin Yamai, kusa da kogin Isa. Akwai garake a bakin kogin. Wata safiya wata yarinya ta zo lakkol da labari. Babanta mai garka ne. Ya so ya kira Aminu, mai sayen salati, sai ya danna sunan Amina, ƙanwarsa. Yara duka suka yi dariya.

Malam ya ce: "Da kuɗi ya aika, da ba a yi dariya ba. Harafi ɗaya tak ya raba Amina da Aminu. Mutum yakan yi kure, amma tarho ya san bambancinsu. Yau za a ga yadda yake ganewa."

1. Harafi lamba ne

Tarhon salula ƙaramar kwamfuta ce. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Tana ajiye lambobi cikin ƙananan gurabe. Sunan kowane gurbi bayit. Da faransanci ana ce masa octet, domin an gina shi da alamu 8, kowace alama 0 ce ko 1. Bayit ɗaya yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255.

A 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba haruffa lambobi. An ƙara ƙananan haruffa a 1967. Malam ya rubuta a allo:

Amina: 65, 109, 105, 110, 97
Aminu: 65, 109, 105, 110, 117

2. Gwaji ɗaya-ɗaya

Malam ya fitar da yara goma. Ya jera su layi biyu, biyar-biyar, suna duban juna. Kowane yaro ya riƙe allo da lamba ɗaya. Yarinyar mai labari ita ce alƙali.

Ta dubi na farko da na farko: 65 da 65, daidai ne. Ta wuce. Na biyu, na uku da na huɗu duk daidai ne. A na biyar ta ga 97 da 117. Ta ce: "Malam, ga bambancin!"

Sai Malam ya sake layi ɗaya, ya sa sunan Sani. Tun a allon farko yarinyar ta ga 65 da 83. Ta tsaya, ba ta dubi sauran ba.

Malam ya ce: "Madalla. Wannan ita ce dabara ta farko. Da zarar an ga bambanci, a tsaya."

Masu tsara aikin kwamfuta suna da harsunansu. Ɗaya daga ciki shi ne C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajajen 1972. A cikin C akwai wani ɗan aiki mai suna memcmp. Ana ba shi jerin bayit biyu da adadin da za a gwada. In jerin daidai suke, amsarsa 0 ce. In na farko ya fi ƙanƙanta, amsar tana ƙasa da 0. In ya fi girma, tana sama da 0. Da irin wannan amsa ake jera sunaye bi da bi.

3. Haruffa masu lanƙwasa

ASCII ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda yake ɗaukar haruffan harsunan duniya. A cikinsa kowane harafi mai lanƙwasa yana cin bayit biyu:

ƙ: 198, 153
ƴ: 198, 180
ɓ: 201, 147
ɗ: 201, 151

Kalmar kafa tana da bayit 4, amma ƙafa tana da 5. Ga dabara ta biyu: in tambayar ita ce ko kalmomi biyu daidai suke, a fara duban tsawonsu. In tsawo ya bambanta, an gama.

Akwai abin lura. Ɗaure da ɓaure, in an rubuta su da ƙananan haruffa, duka da 201 suke farawa. Sai a bayit na biyu ake rabuwa. Haka kuma z lambarsa 122 ce, ta gaza 198. Saboda haka in an jera kalmomi da lambobin bayit kawai, ƙasa za ta zo bayan zaki. A ƙamus na hausa kuwa ƙ tana bin k. Jera kalmomin hausa yana buƙatar wani tsari na dabam.

4. Gwaji da damƙa

Malam ya tambaya: "Yaya mai goro yake ƙidaya a kasuwa?"

Wani yaro ya ce: "Biyar-biyar, Malam."

Kwamfuta ma haka take yi. Yawancin na'urorin yau suna damƙar bayit 8 daga wannan jeri, 8 daga wancan, su gwada su a taki ɗaya. In damƙar daidai ce, sai a wuce. In ba daidai ba ce, sai a koma cikinta a nemi bayit na farko da ya saɓa. Wannan ita ce dabara ta uku.

A shekara ta 2000 kamfanin Intel ya fitar da Pentium 4, mai iya gwada bayit 16 lokaci guda. A 2013 ya fitar da masu gwada 32. In littafi biyu ne iri ɗaya, kowane da bayit 1.000.000, ga takin da za a yi:

ɗaya-ɗaya: 1.000.000
8-8: 125.000
16-16: 62.500
32-32: 31.250

Aiki ya ragu, jira ya ragu, batir ma ya ƙara daɗewa.

5. Inda sauri yake da haɗari

Sauri yakan haifi nawa. A ɗauka lambar sirri ce mai lambobi 4. Tana iya zama kowace daga 0000 zuwa 9999, wato iri 10.000. In na'ura tana tsayawa a bambanci na farko, amsarta takan zo da wuri in lambar farko kure ce. In lambar farko daidai ce, amsar takan ɗan jinkirta. Ɓarawo mai auna lokaci da kyau zai gano lambobin ɗaya bayan ɗaya. Gwaji 10 ya isa ga kowane gurbi, wato 40 maimakon 10.000.

A 1996 wani masani ɗan Amurka, Paul Kocher, ya nuna ana iya gano makullin sirri ta auna lokacin aikin na'ura. Don haka in abin sirri ake gwadawa, ba a tsayawa a hanya. Ana duban kowane bayit har ƙarshe, sa'an nan a ba da amsa. Akwai wani tsaro kuma: katin SIM yakan kulle in an yi kuren lambar sirri sau 3.

A riƙe

Kwamfuta lamba take gwadawa, ba harafi ba. Don sauri ana duban tsawo, ana damƙar bayit da yawa, ana tsayawa a bambanci na farko. In sirri ne, ana duba duka.

Tambayoyi

1. A bayit na nawa Amina da Aminu suka rabu?
2. Bayit nawa ne a cikin ɗaki? Nawa ne a cikin ƴaƴa?
3. Jeri biyu suna da bayit 40 kowane. Taki nawa za a yi in ana damƙar 8-8?
4. Don me ba a tsayawa a hanya in lambar sirri ake gwadawa?

Aikin yi

Ku zaɓi sunaye biyu masu kama da juna a ajinku. Ku rubuta ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ku ja layi a harafi na farko da ya raba su.