Gyara Takardun Tsohon Soja: Shawarwari Ga Iyalan 'Yan Mazan Jiya

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Minjibir, da wuya ka ratsa gari biyu ba a nuna maka gidan Baba Soja ba. Yawancinsu lokacin yaƙin basasa suka shiga, tsakanin 1967 da 1970, sa'ad da rundunar Nijeriya ta kumbura daga kimanin mutum dubu 10 zuwa wajen dubu 250. Cikin gaggawa aka ɗebe su, cikin gaggawa aka rubuta sunayensu. Kuskuren da akawu ya yi a wancan lokaci shi ne yau yake tsayar da fanshon dattijo, ko ya hana iyalinsa haƙƙinsu bayan ransa. Gyara yana yiwuwa, amma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan an yi shi tun tsohon yana raye, yana cikin hayyacinsa.

1. Ku rubuta lambarsa ta soja yau, kada ku bari sai gobe. A wurin hukuma lamba ita ce mutum, suna na biye da ita. Waɗanda suka yi yaƙin basasa galibi lambarsu tana farawa da 63NA. Tsoho kan manta abubuwa da yawa, amma da wuya ya manta wannan. A sa yaro mai karatu ya zauna da shi bayan la'asar, ya ce: "Baba, wace shekara kuka shiga? A ina aka horar da ku, Zariya ko wani wuri? Wace bataliya? Wa ke shugabantarku? A ina aka ji muku rauni, wane asibiti aka kwantar da ku? Da wane muƙami kuka fita, kofur ko saje?" A rubuta, a kuma naɗi muryarsa a waya. A tambayi sunayen abokan aikinsa da ke raye, domin shaidarsu tana da amfani.

2. Ku tattara duk wata takarda, komai tsufanta: littafin sallama, takardar biyan garatuti, katin fansho, takardar asibitin soja, hotonsa cikin kaki, har wasiƙun da ya aiko gida daga bakin daga. Gara da yoyon damina sun cinye haƙƙin mutane da yawa a ɗakunan ƙasa. A nannaɗe su a leda, a sa a adakar ƙarfe, a ɗora ta a kan wani abu kada ta taɓa ƙasa. A yi kwafi, a ajiye wani a gidan ɗan'uwa, a ɗauki hoto a waya. Kada a manne ta asali da roba mai zafi, kada a ba kowa ita ya tafi da ita, kuma kada a taɓa ta da biro ko da kuskuren a fili yake. Takardar da aka goge ko aka ƙara wa harafi ta zama abin zargi.

3. Ku gano ainihin inda matsalar take kafin ku kashe kuɗin mota. A shimfiɗa tabarma, a jera littafin sallama, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, da bayanan banki masu lambar BVN, a duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Nan ne aka fi samun cikas a wajenmu. Saurayi ya shiga soja da sunan da ake kiransa a gida haɗe da sunan garinsu, aka rubuta Garba Bichi ko Audu Kano. Shekara hamsin bayan haka ya je yin katin ɗan ƙasa, ya ba da sunan yanka da na mahaifi, aka rubuta Abubakar Sulaiman. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum biyu take gani. Haka Mamman yake komawa Momoh a hannun akawun da ba ya jin Hausa. Shekarun haihuwa kuwa kintace aka yi, wani ma ƙara wa kansa ya yi don a ɗauke shi.

Ra'ayina a nan shi ne, in dai ba lamba ko muƙami ko ranar shiga da fita aka ɓata ba, ya fi sauƙi a daidaita sababbin takardu da tsohon kundi, ko a haɗa su da shaidar cewa mutum ɗaya ne, maimakon a nemi soja su canja abin da suka rubuta tun 1968. A samo takardar rantsuwa daga kotu, da wasiƙar dagaci da ta hakimi, sannan a tunkari ofishin katin ɗan ƙasa da banki. Rantsuwa kuma rantsuwa ce. A faɗi gaskiyar abin da ya faru, kada a ƙirƙiro sabon labari don ya dace da takarda.

4. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Kundin aikin ƙananan sojojin ƙasa yana hedikwatar adana bayanai ta rundunar da ke Lokoja. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ita ke biya, kuma da abin da kundi ya nuna take aiki. Wanda aka ɓata wa ranar sallama ya tafi Abuja yana kuka, ya tsallake inda maganinsa yake. Kafin doguwar tafiya, a fara da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion, wadda aka kafa da doka tun 1964, a kuma yi tambaya a Barikin Bukavu, mazaunin Birged ta 3 a Kano. Koke a rubuce ake yin sa, da sunan tsohon, da lambarsa a saman takarda, da sa hannunsa ko dangwalen yatsa. A faɗi kuskure guda, a faɗi daidai, a haɗa kwafin hujja. A tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida.

5. Ku ƙirga shekarun aiki, ku kuma duba dalilin sallama. A da sai wanda ya cika shekara 15 yake samun fansho, daga 1992 aka sauko da shi zuwa 10. Sharaɗin shekara 15 ɗin ne ya bar da yawa daga cikin waɗanda aka sallama bayan yaƙi hannu rabbana, kuma abin takaici ne ƙwarai ga mutanen da suka ba da ƙuruciyarsu. To amma kada ku yanke wa kanku hukunci a zaure. Dokar fansho ta 1979 ta ba shekarun yaƙin basasa ƙarin nauyi a lissafi, don haka ku nemi a nuna muku a rubuce yadda aka ƙirga. Wanda likitocin soja suka sallama saboda rauni kuwa, nasa tsarin daban ne, shi ya sa takardar asibiti take da daraja. Kora ita ce mai wuya, domin takan tafi da haƙƙi, amma ita ma an taɓa sauya ta: a 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi zuwa ritaya, a 2015 kuma runduna ta mayar da fiye da soja 3,000 da aka kora a yaƙin Boko Haram bakin aiki. A fara da koke zuwa ga rundunar. In abin ya faskara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano.

6. Kada ku sayar wa 'yan gwangwan mindar tsoho, kada ku bar wa yara ita su yi wasa. Lambar yabo ba ta kawo kuɗi da kanta, amma tana nuna inda mutum ya yi aiki: Kwango daga 1960 zuwa 1964, yaƙin basasa, Laberiya daga 1990, ko Saliyo. In ya je wurin amma kundi bai nuna ba, a sa shi cikin koken. A wasu gidajen kakanni ne suka je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Tauraruwar Bama mai tsini shida yawanci ba a zana sunan mai ita a jiki ba, saboda haka ita kaɗai ba hujja ba ce, sai an haɗa da takardar sallama. Ƙungiyar Royal Commonwealth Ex-Services League tana tallafa wa waɗanda suka yi aiki kafin 1960 da matan da suka bari, ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya. Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba, yana iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila.

7. Ku duba wa aka rubuta a matsayin magaji. Gwauron da ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin, mahaifinsa ko wansa ya rubuta, kuma wataƙila sun daɗe da rasuwa. Yau yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha. A sabunta sunan tun yana iya magana, a gaban matan da manyan 'ya'ya, a kuma fahimtar da wanda aka zaɓa cewa wakili ne mai karɓa, rabo kuwa na shari'a ne. In rasuwa ta riga ta auku, a nemi takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu, a sanar da hukuma. Ci gaba da cire fanshon mamaci da katinsa laifi ne, kuma yana iya ɓata haƙƙin marayu.

8. Kada ku jinginar da gona saboda wani ya ce yana da hanya a Abuja. A nan ƙasarmu, inda gona ta riga ta tsuke saboda rabon gado, wanda ya saki tasa da wuya ya sake samu. Duk mai bugo waya ya ce a turo kuɗi a fito da bashin fansho, ko a ba shi lambar sirri ta katin banki, ɗan damfara ne. In tafiya ta zama dole, a bari sai kaka, bayan an sayar da gyaɗa ko wake, tsofaffi biyu ko uku na gari ɗaya su haɗa guzuri su tafi da saurayi guda mai karatu.

9. Kada ku bari tantancewar 'yan fansho ta wuce shi, domin wanda bai bayyana ba akan dakatar da kuɗinsa, kuma maido da shi wahala ce sabuwa. A bar lambar waya mai aiki a wurin shugaban 'yan mazan jiya na ƙaramar hukuma, ita ce kuma za ta kasance a banki. In tsohon yana kwance ba ya iya hawa mota, a sanar da hukumar fansho a rubuce tun kafin ranar, a haɗa da takardar likita, a tambayi yadda za a tantance shi daga gida.