Murhun Lantarki: Darasi ga Hakimai da Malamansu a kan Ɗumama Ɗaki Lokacin Gyaran Gida

Kowace shekara in hunturu ya kama, akan ji labarin gidan da aka kwana da garwashi a ɗaki, gari ya waye ba wanda ya tashi. Akan kuma ji na gobarar da ta taso daga wutar jin ɗumi. Hakimi ake fara kai wa irin wannan labari, malaminsa kuwa shi ke rubuta shi. Saboda haka ya kamata su biyu su san wata hanya ta ɗumama ɗaki wadda ba ta da hayaƙi, watau murhun lantarki, su san amfaninsa, su kuma san iyakarsa.

Asalinsa

Murhun lantarki ɗan ƙasar sanyi ne. A Ingila, tun da daɗewa, akan gina murhu a jikin bangon ɗakin zama, a yi masa bututu mai fid da hayaƙi ta saman rufi. Kwal suke ƙonawa a ciki, a gabansa kuwa iyali ke taruwa da dare. To, a watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya gamu da hazo, ya lulluɓe birnin Landan har kwana biyar. Lissafin farko ya nuna mutum 4,000 suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuwa ya kai su wajen 12,000. Wannan ya sa a 1956 Majalisar Ingila ta kafa doka wadda ta ba hukumomin garuruwa ikon hana ta da hayaƙi a unguwanni, aka kuma taimaki masu gidaje da kuɗi don su sāke murahunsu. Mutane da yawa suka toshe bututun hayaƙi, suka sa murhun lantarki ko na gas a gurbin tsohon.

Yadda yake aiki

Cikin murhun akwai wata waya ta musamman wadda ke yin ja wur in lantarki ya bi ta, amma ba ta narkewa. Wani Ba'amurke, Albert Marsh, shi ya sami rajistar ƙirƙiro ta a 1906. A bayan wayar akan sa ƙarfe mai ƙyalli don ya turo zafi gaba, ko kuwa ƙaramar fanka don ta huro iska mai ɗumi. Harshen wutar da ake gani yana rawa a bayan gilashi ba wuta ba ce, hasken ƙananan fitilu ne da madubi mai juyawa. A yawancin na yanzu ana iya kunna hasken kaɗai ba tare da zafi ba.

Iri uku ne. Akwai wanda ake ajiyewa a ƙasa a ɗauke shi in an so, akwai wanda ake ratayawa a bango, akwai kuma wanda ake gina wa gurbi a cikin bango. Duk lantarkin da murhu ya sha zafi yake zama. Ke nan mai tsada da mai araha, in ƙarfinsu ɗaya ne, ɗumi ɗaya za su bayar. Bambancinsu ado ne, da ƙarko, da na'urorin tsaro.

Abin da ya sa ya shafi ƙasar nan

Sanyin nan bai kai na Turai ba, amma akwai shi. Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, Gembu ta Mambila kuwa ta fi haka, ɗarinsu sananne ne. Ko a Kano da Katsina da Zariya, daren Janairu yakan sa tsofaffi da jarirai cikin wahala.

Magabata sun san maganin wannan. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana, ya riƙa sakinsa da dare. Tsofaffi na da gadon ƙasa mai rami wanda ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Ɗakin ciyawa kuwa, da ƙofar asabari, suna barin iska ta shiga ta fita.

Amma fa in aka gyara gida, aka yi bulo da siminti, aka sa silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe mai kamawa gam, to, ɗaki ya sāke hali. Kaskon da ake kwana da shi a tsohon ɗaki, ko da ma can ba ya rasa haɗari, a sabon ɗaki ya zama ajali. Dalili kuwa, gawayi in yana ci a wurin da iska ta yi ƙaranci yana fid da wata iska mai guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu yakan ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, mai barci kuwa sai ya zarce. Murhun lantarki ba ya ƙona kome, don haka ba ya fid da wannan iska.

Abin da za a shirya lokacin gyara

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mai gyaran gida ya yanke shawarar yadda zai ɗumama ɗaki tun kafin a yi yaɓe.

1. Waya. Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne. Murhu mai ƙarfin wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, filogi mai ƙafa uku kuwa iyakarsa amfiya 13. A ja wa murhu soket nasa na kansa a bango, da waya mai kaurin milimita 2.5, cikin bututun roba, tare da wayar ƙasa. Gwanin aikin lantarki mai takardar shaida shi zai yi aikin, ba ɗan koyo ba.

2. Kada a jona shi da doguwar wayar ƙari, kada kuma a haɗa shi a soket ɗaya da dutsen guga ko butar dafa ruwa. In filogi ya yi zafi ko ya soma baƙi, a daina aiki da shi har a gyara.

3. Wuri. A bar tazarar mita ɗaya tsakanin gaban murhu da labule, da katifa, da gidan sauro, da tufafi. Ba a ɗora na ƙasa a kan darduma mai laushi. Ba a kai shi makewayi ko wurin da ruwa ke fantsama.

4. Gurbi. In za a gina shi cikin bango, magini ya bi awon da ke cikin takardar masana'anta, ya bar kafofin shan iska a buɗe. A kewaye shi da bulo ko ƙasa. Zanen magina na gargajiya yana yi wa irin wannan gurbi kyau ƙwarai.

5. Tsaro. A zaɓi mai raga a gaba saboda yara, mai kashe kansa in ya yi zafi da yawa ko ya faɗi.

6. Rufi. Ɗakin kwano marar silin ba ya riƙe ɗumi. Kuɗin silin ya fi kuɗin babban murhu amfani.

Kuɗin wuta da iyakarsa

Lissafin ba wuya. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mita. Murhu mai wat 2,000 in ya yi awa 5 ya ci yunit 10, a dare 30 ya ci yunit 300. Malami ya ninka wannan da kuɗin yunit na wurinsu, sai ya gaya wa maigida gaskiyar abin da zai biya. Ɗumama ɗakin tsoho ɗaya na awa biyu kafin barci ya fi sauƙi nesa.

Har wa yau, ƙaramin janareto wanda bai kai wat 1,000 ba ba zai iya ɗaukarsa ba, ƙaramin batirin hasken rana kuma nan da nan zai ƙare. Janareton kansa yana fid da iskar nan mai guba, don haka ba a kunna shi cikin ɗaki, ko zaure, ko kusa da taga.

Akwai wani haɗari wanda ya fi yawa inda wuta ke yawan ɗaukewa. In an ɗauke wuta, sai a manta murhu a kunne, wani ma ya shanya zane a kansa. Da tsakar dare a kawo wuta, gobara ta tashi. Ka'ida ita ce, da an ɗauke wuta a kashe murhu a zare filogi. Haka kuma kafin barci, da lokacin fita.

Aikin hakimi da malaminsa

Ba kowane gari ke da lantarki ba, ba kuma kowa ke da halin sayen murhu ba. Amma gargaɗi na kowa ne. Kafin shigar hunturu, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni, ya roƙi limamai su faɗa a masallatai: wanda ya ji ɗumin garwashi ya fid da kaskon waje kafin ya kwanta, ya ƙara bargo. In an tarar da mutane sun galabaita a rufaffen ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, a fito da su sarari, a kai su asibiti nan take, ko da sun farfaɗo.

Malami kuwa ya rubuta kowace gobara da kowace mutuwa irin wannan, da ranarta, da irin ginin ɗakin, da abin da ya jawo ta. Da wannan rubutu ne hukuma za ta san inda ya kamata a ƙarfafa gargaɗi. In ana gyaran gidan hakimi ko ofishinsa, a yi aikin bisa ka'idodin nan, gama abin da talakawa suka gani a gidan shugaba shi suke kwaikwayo. Allah ya tsare jama'a daga gobara, amin.