Biyayyar Soja Da Iyakarta A Shari'a

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan soja ne da addininsa.

Abin da ya jawo shi kuwa shi ne gardamar da ta yawaita a zauruka da bakin masallatai tun da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta a ƙasar Katsina da maƙwabtanta. Wani ya ce aikin soja bai halatta ga Musulmi ba, domin wai zai yi biyayya ga hafsan da ba addininsu ɗaya ba. Wani kuma ya ce soja ba shi da laifi ko me ya aikata, tun da umurni aka ba shi, zunubin yana wuyan wanda ya ba da umurnin. Duka maganganun nan biyu sun kauce hanya. Ta farko tana hana 'ya'yanmu tsare garuruwan iyayensu, ta biyu kuwa tana sauƙaƙa zubar da jinin da Allah Ya haramta.

Mu da ke zaune gindin hasumiyar Gobarau bai kamata maganar farko ta ruɗe mu ba. Bisa ga abin da aka gada daga magabata, tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15, aka gina ta, kuma aiki biyu ta yi wa birni. Ladan ya hau ya kira salla, masu tsaro su hau su hango ƙurar mahara tun suna nesa. Watau tun asali malamanmu ba su raba tsaron gari da addini ba, domin sai da zaman lafiya ake tsai da jam'i. Tsare rayuka da dukiyoyi farali ne na kifaya, idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

To, runduna kuwa ba ta tsayuwa sai da biyayya. Aya ta 59 cikin Suratun Nisa'i ta haɗa biyayya ga ma'abota al'amari da biyayya ga Allah da ManzonSa, kuma malaman tafsiri sun sanya shugabannin yaƙi cikinsu. Dubi abin da ya auku a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsai da maharba 50 bisa wani tudu, ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya hore su kada su gusa ko da an ci nasara. Da suka ga abokan gaba sun juya baya, sai mafi yawansu suka sauko kwasar ganima. Nan take mahaya dawakin Makka suka zagayo ta bayan tudun. Sahabbai wajen 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, Annabi kansa ya sami rauni. Babu ko ɗaya cikin maharban nan da ya nufi sharri, ganinsu kawai suka bi suka bar umurni. Saboda haka sojan da ya bar inda aka tsai da shi, ko ya yi barci a bakin gadi, ko ya sayar da harsashin da aka ba shi amana, ya saɓa wa Allah tun bai saɓa wa hafsansa ba.

Game da zama ƙarƙashin hafsan da ba Musulmi ba, wannan ba ya ɓata aikin. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya riƙe taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba ya bisa addininsa. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna a ƙasar Kiristoci, kuma da wani ya tasam ma Najjashi da yaƙi, addu'ar nasara suka yi wa Najjashi, saboda adalcinsa. Ranar Hijira ma, wanda ya yi wa Annabi da Sayyidina Abubakar ja-gora ta cikin sahara, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu, bai musulunta ba a lokacin, amma an amince masa da rai. Bugu da ƙari, soja ya yi rantsuwa ranar da ya gama horo, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa ta wajabta cika alkawari.

Amma fa biyayyar nan tana da iyaka, kuma sahabbai ne suka nuna mana inda iyakar take. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan buɗe Makka, aka aiki Halidu ɗan Walidu zuwa ga kabilar Banu Jazima. Mutanen suka so su ce sun musulunta, harshensu bai kama kalmar daidai ba, suka faɗi wata kalma mai nufin sun bar addininsu na da. Halidu ya fahimce su a baibai, ya kashe wasu ya kama wasu, ya raba wa kowane mayaƙi ɗan fursuna. Daga baya ya ba da umurni kowa ya kashe wanda ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da shi, ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe cikin mutanensa. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya ɗaga hannuwansa ya barranta ga Allah daga abin da Halidu ya yi, har sau biyu, kana ya aiki Sayyidina Aliyu da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe. Ba a zargi Ɗan Umar ba ko kaɗan.

A lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, Ɗan Umar ya ƙi aikata haram ne kawai, bai juya takobinsa kan Halidu ba, bai kuma raba runduna biyu ba. Ya kame hannunsa, ya kai ƙara gaba. Na biyu, girman Halidu, wanda Annabi ya yi wa laƙabi da Takobin Allah, bai sa an rufe kuskurensa ba. Wannan shi ne ma'aunin. Abin da ya shafi dabarar yaƙi, da inda za a tsaya, da lokacin tashi, na hafsa ne, ko da soja yana ganin akwai abin da ya fi. Abin da haramcinsa ya bayyana sarai, kamar kashe wanda ya miƙa wuya, ko mace da yaro da tsoho, ko ƙone rumbunan talakawa, ba mai ikon halatta shi. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyanu sa'ad da ya tura shi Sham, inda ya hana shi kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya, da taɓa masu ibada da suka keɓe kansu a ɗakunan bautarsu.

Kada a zaci irin wannan gardama a Larabawa kaɗai ta tsaya. Ta auku a ƙasarmu, cikin rundunar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kanta. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya iso 'Yandoto, garin malamai da ke cikin ƙasar Katsina a wancan zamani, yau kuwa yana Jihar Zamfara kusa da Tsafe. Bai fara da yaƙi ba, sai da ya nemi a zauna a yi muhawara bisa hujja. Malaman garin suka ƙi, daga nan aka ci garin. A 1807 kuma, ana kan hanyar zuwa Alƙalawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi ya ja runduna ranar Tafkin Kwatto a 1804, ya ga niyyar mayaƙa da yawa ta karkata ga mulki da ganima da tara dawaki. Sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas da nufin zuwa Makka da Madina. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami domin masu mulki su san iyakarsu, sa'an nan ya koma. Shi ma, kamar Ɗan Umar, bai ɗaga makami kan 'yan'uwansa ba, alƙalami ya ɗauka.

Bayan yaƙi ya kai Barno a 1808, Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya rubuto yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. Ya ce saɓo daban, kafirci daban. Bello ya amsa da cewa Sarkin Barno ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, wannan shi ne dalilinsu. Abin lura gare mu shi ne Bello bai ɓoye wasiƙun abokin gardamarsa ba, ya sanya su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, domin na baya su karanta su auna. Manyan nan sun san cewa jini abu ne da za a yi tambaya a kansa, shi ya sa suka wahalar da kansu wajen neman hujja.

A zamaninmu kuwa mun ga abin da ke faruwa idan aka mai da addini tutar ɓangare a cikin bariki. Tun shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, zargi ya yi ta yawo tsakanin Musulmi da Kirista, har kowane canjin muƙami sai an duba addinin wanda ya hau da na wanda ya sauka. Ran 22 ga Afril 1990, cikin goman ƙarshe na watan azumi, wasu hafsoshi suka kai hari Barikin Dodan a Ikko, Manjo Gideon Orkar ya shiga gidan rediyo ya ba da sanarwar wai an fitar da jihohi 5 daga Nijeriya, watau Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauchi. Jihar Katsina a lokacin ba ta cika shekara 3 da kafuwa ba. Da abin ya tabbata, Allah kaɗai Ya san jinin da zai kwarara a kasuwanni da unguwannin baƙi, kudu da arewa. Allah Ya kiyaye, aka murƙushe yunƙurin a wannan rana, kuma cikin sojojin da suka murƙushe shi akwai Musulmi akwai Kirista. An harbe mutum 42 a watan Yuli na wannan shekara. Darasin ya shafe mu kamar yadda ya shafi wasu. Duk wanda ya zo wa soja Musulmi da raɗa cewa ya juya bindigarsa kan abokin aikinsa saboda addini, to, ha'inci yake kiransa zuwa gare shi, ha'inci kuwa haramun ne ko a kan abokin gaba, balle wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya.

Saura batun kuskure. Aya ta 94 cikin Suratun Nisa'i ta umurci mayaƙa su yi bincike su tabbatar kafin su kai hannu. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi ya jefa bom kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri cikin Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa kuskurenta ne, shugabanta na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. Amsa laifi abin yabo ne, sai dai a Shari'a magana ba ta ƙarewa nan. Aya ta 92 ta wannan sura ta wajabta diyya ga magada a kisan kuskure, da kaffara a kan wanda ya yi kisan, wadda a yau ita ce azumin wata 2 a jere. Diyyar kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. A Muhtasar na Shehu Halilu, wajen biyan diyyar kuskure ana farawa da mutanen diwani, watau waɗanda sunayensu ke cikin littafi ɗaya na masu karɓar albashi tare da wanda ya yi kisan. Ka ga ke nan tun da daɗewa malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa runduna nauyin kuskuren ɗanta.

Daga ƙarshe, ga nasiha ga 'ya'yanmu da ke cikin kaki da masu shirin shiga Difo a Zariya. Ka gyara niyyarka, ka nufi tsare bayin Allah, sai albashinka ya zama halas, gadinka ya zama ibada. Kada ka bar salla, domin aya ta 102 ta Suratun Nisa'i ta koyar da yadda runduna za ta kasu biyu ta yi salla ko da ana fuskantar abokan gaba. Idan tafiya ta kai mil 48 ka yi ƙasaru, sai in ka yi niyyar zaman kwana 4. Rundunar sojan Nijeriya tana da sashen harkokin Musulunci da limamanta, kamar yadda Katolika da sauran Kiristoci suke da nasu, don haka abin da ya shige maka duhu ka kai wa limamin barikinka. Su kuma limaman, amanar da ke wuyansu ita ce su karantar da labarin Uhudu da na Banu Jazima tare, kada su ɗauki ɗaya su bar ɗaya.

Allah Ya tsare masu tsaronmu, Ya tsare hannuwansu daga jinin marasa laifi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.