Kalma Ɗaya, 'Ya'ya Da Yawa

Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, wani yaro ya tambaye ni dalilin da ya sa flower da flourish suka yi kama a Ingilishi. Na rasa amsa, na ji kunya ƙwarai. Ga abin da na binciko, domin kada irin wannan ta sami waninmu.

Rumawan dā, a harshensu na Latin, suna kiran fure flos. In itace ya yi fure sai su ce florere, in kuwa yanzu ya soma sai su ce florescere. Haruffan nan sc su ne alamar somawa. Haka kuma sukan faɗa wa mutum ko garin da ya bunƙasa.

Da mulkin Rum ya watse, sai Latin ya rarrabu, ko wace ƙasa da irin lafazinta. A bakin talakawa florere ta zama florire. Daga nan Faransawa suka sami fleurir, mutanen Rumaniya înflori, Italiyawa kuma fiorire, gama su sukan mai da fl ta zama fi, kamar yadda flamma, watau harshen wuta, ta zama fiamma. Mutanen Sifen da na Fotugal kuwa florescere suka riƙe, suka ce florecer da florescer.

To, yaya ta shiga Ingilishi? Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, suka kawo kalmominsu. Flower da flourish duka daga wurinsu suke. Har flour ma, watau garin alkama, asalinsa furen alkama ne, wai mafi kyaun abin da aka niƙa.

Ba ta tsaya nan ba. Birnin Florentia na Italiya, wanda yanzu ake kira Firenze, ya buga kuɗin zinariya a 1252 da hoton fure a jiki, aka sa masa suna fiorino. A 1849 Ingila ta ba sule biyu wannan suna, florin. Shi ne fatakar da ake kashewa a kasuwanninmu kafin Naira ta zo a 1973.

'Yan'uwana, in yaro ya haddace kalma ɗaya, ɗaya ya sani. In kun nuna masa saiwarta, ya san danginta duka. Ku gwada a aji ku gani.