Ƙwallo da Tsere a Makaranta

'Yan'uwa, mun ji waɗansu iyaye a Tafoki suna hana 'ya'yansu wasan makaranta, wai ɓata lokaci ne. Ba mu goyi bayansu ba.

Ku dubi 'yan Katolika, ko da shi ke koyarwarmu ta bambanta. Sun kafa jami'ar Notre Dame a Amurka a 1842, ƙwallo irin na can kuwa shi ya baza sunanta. Kwalejinsu ta St. John a Kaduna, wadda suka buɗe a 1949, ta zama Rimi a hannun gwamnati, ita ma ba ta raba karatu da wasa ba.

Manzo Bulus kansa da masu tsere ya yi misalin horon jiki, 1 Korantiyawa 9:24-27. Ku karanta wa yaranku, ku bar su su yi gudu. Amma ban da lokacin sujada.