Darasi na 12: Mahayin Keke da Abokan Gābansa Biyu

Karatu

Durumi unguwa ce a Abuja, tana maƙwabtaka da Garki da Gudu. Ba ta da nisa da babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin Wasannin Afirka na shekarar 2003. A harabar filin akwai zagayayyen dandali na tseren keke. Amma ba 'yan tsere kaɗai ke tuƙa keke a Abuja ba. Akwai masu talla da ɗalibai da 'yan aike. Dukansu sun san abu guda: Abuja gari ne na tuddai. Wanda ya tashi daga Durumi ya nufi Katampe ko Mpape, sai ya yi gumi kafin ya isa.

Me ya sa hawa ya fi shimfiɗaɗɗiyar hanya wuya? Masana kimiyya suna auna ƙarfin da mutum yake zubawa a kan feda da ma'aunin da ake kira wat. An samo wannan suna daga James Watt, wani injiniya ɗan ƙasar Sikotilan, wanda ya rasu a 1819. Wannan ƙarfi yana ƙarewa ne wajen yaƙi da manyan abokan gāba biyu, wato iska da nauyi.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska ce babbar abokiyar gāba. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, to haka take wahalar da mai keke. Ko da babu guguwa, jikin mahayi yana keta iska, ita kuma tana tura shi baya. Idan ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin da zai yaƙi iska da shi sai ya ninku sau takwas. Shi ya sa 'yan tsere suke sunkuyawa, suke sa matsattsun kaya. Shi ya sa kuma suke jeruwa, wani a bayan wani, domin na gaba ya tare wa na baya iska.

A kan hawa kuwa, labari ya sha bamban. Gudu ya ragu, saboda haka iska ta yi sauƙi. Yanzu nauyi ne yake jan mahayi baya. A ce nauyin mutum da na kekensa kilo 80 ne, yana son ya hau tudun da bisansa ya kai mita 100 cikin minti 10. Ɗaga wannan nauyi kaɗai zai ci masa kimanin wat 130. Idan ya ɗora kaya na kilo 20, sai lissafin ya haura wat 160. Bugu da ƙari, hawa ba ya ba da hutu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mutum yana iya daina tuƙi, keke ya ci gaba da tafiya. A kan tudu kuwa, da ya saki feda keke zai tsaya.

Mu ɗauki misalin mahaya biyu. Audu siriri ne, nauyinsa kilo 60, ƙarfinsa wat 240. Bala ƙaƙƙarfa ne, nauyinsa kilo 80, ƙarfinsa wat 280. A shimfiɗaɗɗiyar hanya Bala ne zai yi gaba, domin ya fi yawan wat. Amma idan muka raba ƙarfi da nauyi, kowane kilo na jikin Audu yana da wat 4, na Bala kuwa wat 3.5. Saboda haka a kan hawa Audu zai wuce shi. Kowa da inda ya fi ƙarfi.

Haka abin yake a babbar gasar keke ta Faransa, wadda aka fara a 1903. Gwanin hawan duwatsu yana da rigarsa ta musamman, fara mai jajayen ɗigo-ɗigo. A 2015 Daniel Teklehaimanot, ɗan ƙasar Iritiriya, ya sa wannan riga na 'yan kwanaki. A 2024 ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya lashe koriyar riga, wadda masu saurin gudu suke takara a kanta.

To, ina dabara? Mai hankali yakan sauya giya zuwa mai sauƙi tun kafin hawa ya yi tsanani. Yakan rage kayan da ba dole ba, ya cika tayoyinsa da iska, ya sa wa sarƙa mai. Ba ya ƙarar da ƙarfinsa a gindin tudu, domin wanda ya fara da gaggawa yakan ƙare da tura keke. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ma'anar Kalmomi

- tudu: wurin da ƙasa ta yi bisa
- shimfiɗaɗɗiya: wadda ba hawa ba gangare
- feda: abin da ake takawa don tuƙa keke
- ninka: ƙara wa abu kwatankwacinsa
- keta: ratsa ta tsakiyar abu

Tambayoyi

1. Waɗanne unguwanni ne suke maƙwabtaka da Durumi?
2. Da wane ma'auni ake auna ƙarfin mahayin keke?
3. Don me 'yan tsere suke jeruwa wani a bayan wani?
4. Me ya sa Audu ya wuce Bala a kan hawa?
5. Mahayi mai kilo 50 yana da wat 200. Wat nawa kowane kilo ya samu?

Nahawu: Kwatance da “fi”

Misali: Bala ya fi Audu nauyi.

Cike waɗannan gurabe:

1. Mota ta ______ keke gudu.
2. Hawa ya fi gangare ______.
3. Audu ya fi Bala ______ a kan tudu.

Aikin Gida

Rubuta jimloli takwas a kan hanyar da kake bi daga gida zuwa makaranta. Nuna inda ake hawa da inda ake gangarawa.