Rantsar da shugaban ƙasa ana cikin yaƙi

Wasiƙarmu ta farko ta fito daga hannun wani ɗalibi a unguwar Birni, nan Damagaram. Bayan gaisuwa yana tambaya: shin an taɓa rantsar da shugaban ƙasa a Nijar alhali ana yaƙi, ko kuwa jira ake sai ƙura ta lafa?

To malam, an taɓa, kuma ɗan garinku aka rantsar. Alhaji Mahamane Ousmane, haifaffen Zinder, ya yi rantsuwar kama aiki a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1993, lokacin da tawayen Abzinawa ke ci a arewa.

Ga yadda abin ya faro. A watan Mayu 1990 aka yi rikicin Cintabaradan, inda aka zubar da jinin fararen hula. Taron ƙasa na 1991 ya tattauna batun, amma bai kwantar da zukata ba, sai ƙungiyar FLAA ta Rhissa Ag Boula ta ɗauki makamai a duwatsun Abzin. Hanyoyin arewa suka zama sai da rakiyar soja. A watan Agusta 1992 kuma sojoji suka kame Abzinawa da dama a Agadas.

Cikin wannan hali aka amince da sabon kundin tsarin mulki a Disamba 1992, aka shiga zaɓe. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris 1993, Mahamane Ousmane, ɗan takarar CDS-Rahama, da goyon bayan ƙawancen AFC, ya kayar da Tandja Mamadou na MNSD-Nassara da kusan kashi 54 cikin ɗari. Shugaba mai barin gado, Janar Ali Saibou, ya miƙa mulki, aka naɗa Mahamadou Issoufou firaminista.

Me ya hana a jira? Gwamnatin riƙon ƙwarya da ke kan mulki kafin zaɓen wa'adinta gajere ne, alkawarinta ba ya ɗaure wanda zai gaje ta. 'Yan tawaye na buƙatar wanda in ya sa hannu, ƙasa ce ta sa. Bayan rantsuwar aka dukufa kan tattaunawa, Faransa da Aljeriya da Burkina Faso na shiga tsakani, aka cim ma matsaya a Wagadugu a Oktoba 1994, sannan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Wannan rana ita ce ranar haɗin kan 'yan ƙasa da muke hutu duk shekara.

Wata baiwar Allah daga Mirriya kuma tana son jin ko haka ake yi a ƙasashen waje. Hajiya, haka ne. An rantsar da Abraham Lincoln karo na biyu ranar 4 ga Maris 1865, yaƙin basasar Amurka bai ƙare ba. Shi kuwa shugaban Amurka Roosevelt, a Janairu 1945 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, a fadarsa aka yi ɗan taƙaitaccen biki, babu fareti. Shagali ake ragewa, amma ba a ɗage rantsuwa, don kada kujera ta zauna babu mai ita a lokacin da aka fi buƙatarsa.

A ci gaba da aiko mana da wasiƙu.